Keken Nuhaila a Bas Ɗin Bakwai da Kwata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban Ƙungiyar Fasinjojin Unguwar Tabrikat, Si Abdelkabir. Mai girma wakiliyar kamfanin bas, wadda ta bar hutunta na Lahadi ta tsallako gada domin ta saurari ƙorafinmu, Allah Ya ba ta juriya. Malam limamin unguwa. Direbobinmu da ke layin gaba, musamman Si Jilali, wanda ya shekara tara yana ɗauke da mu da surutunmu. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata. Abokaina masu keke da masu sanda. Da ku da kuke tsaye can baya saboda kujeru sun ƙare, waɗanda yau kuka ɗanɗana abin da muka taru a kansa. Jama'ar Sala baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, ko da yake ban zaci akwai mai shiga bas ɗin bakwai da kwata da bai san muryata ba, sunana Tuhami. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo a wani ɗan shago cikin tsohon garin Rabat, shekara hamsin da biyar kuma ina tare da abin da shan inna ya bar mini. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni minti goma. Da yake agogo ne sana'ata, zan san daidai lokacin da na wuce su, don haka ina ba shi haƙuri tun yanzu. Ina godiya ga waɗanda suka haɗa mana shayin nan, wanda sukarinsa kaɗai ya isa ya riƙe mu har magariba. Ina kuma godiya ga mazan nan huɗu da suka ɗaga ni da kekena suka haye matakala ukun da ke ƙofar wannan zaure. Ba su tambaye ni ba, da sun tambaya kuwa da na faɗa musu akwai ƙofar gefe wadda ba ta da matakala ko ɗaya. Amma Allah Ya saka musu da alheri, yau na ga rufin zauren nan kusa-kusa.

Jama'a, takardar da aka raba muku a bakin ƙofa gajeriya ce. Ta ce daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe, duk keken jariri sai an ninke shi kafin ya shiga bas, wanda kuma bai ninku ba direba ya bar shi a tasha. Wakiliyar kamfani ta yi mana alkawari cewa idan wannan zama ya amince, daga gobe Litinin za a fara aiki da ita a layinmu. Mutum ɗari uku da goma sha biyu suka sa mata hannu. Ni na rubuta ta, ni na bi ku tasha-tasha da biro, wasunku ma na san kun sa hannu ne don in ƙyale ku ku hau mota. To yau ni ne kuma na zo in roƙe ku kada ku ɗaga mata hannu.

Ina jin gunaguninku. Ina ganin abokaina masu keke suna kallona kamar na sayar da su a kasuwar Alhamis. Ku ba ni kunnenku, magana huɗu ce da ni, ta uku ce kawai mai tsawo.

Ta farko, kada kowa ya ɗauka na yi laushi. Wannan gurbi da ke daura da ƙofar tsakiya, mai alamar shuɗi, ba kyauta aka ba mu ba. Shekara shida muka yi muna rubuta wasiƙu kafin a cire kujeru a wurin, a kuma sa allon ƙarfen da direba yake shimfiɗo mana mu hau. Kafin nan, ni da kuke gani, ɗaukata ake yi kamar buhun gari a ajiye ni kan kujera, kekena kuma a cusa shi inda ya shiga, wata rana har sai da ya riga ni sauka. Ku masu ƙafa, idan kun rasa kujera tsayuwa za ku yi, ku yi tsaki, ku isa Rabat. Mu idan muka rasa gurbin nan, bas ɗin ne gaba ɗaya muka rasa. Gurbi ɗaya ne tak a kowace mota. Wannan gaskiya ce jiya, gaskiya ce yau, kuma babu abin da zan faɗa nan gaba da zai goge ta.

Sannan kekunan jariran zamanin nan, ku ma shaida ne, wasu sun kusa kai amalanken mai kayan miya. Na taɓa tarar da wani bawan Allah ya cika gurbin da keke, na leƙa ciki na ga buhun albasa, da damin na'ana'a, da tukunyar gas. Na ce masa, "Sharif, ina jaririn?" Ya ce, "Yana gida, shi ne ma ya aiko ni." Duk motar ta yi dariya, ni ma na yi, amma a tasha na yi tawa dariyar, domin motar ta tafi ta bar ni.

Magana ta biyu ita ce yadda takardar nan ta samo asali. Ba albasa ce ta haife ta ba, mace ɗaya ce. Wajen wata biyu da suka wuce, duk ranar Talata, idan bas ɗin bakwai da kwata ya tsaya mini, sai in tarar da wata matashiya ta riga ni. Tana hawa ne tasha biyu kafin tawa. Tana tsaye a gurbin, riƙe da keken jariri babba, an lulluɓe shi ruf da wani ƙyalle mai furanni, ko yatsa ba a gani. Ban yi mamakin lulluɓin ba, dukanmu mun san yadda uwa take kare ɗanta daga iska da kuma idon mutane.

Talata ta farko na yi ladabi. Na ce, "Lalla, don Allah ki ninke keken, wurin namu ne." Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baffa, ba ya ninkuwa." Na ce, "'Yata, agogo nake gyarawa. Duk abin da mutum ya ƙera ya buɗe, to yana rufuwa. Ba ni in duba." Ta ce, "Ba ya ninkuwa, Baffa." Daga nan ta mayar da kanta taga.

Kun san motarmu. Mutum biyu ba sa faɗa a cikinta, sai dai hamsin. Nan da nan aka rabu gida biyu. Wani mai jarida a hammata ya ce, "Doka doka ce, ga alama nan a jikin mota!" Wata daga baya ta ce, "Kai da dokar! Uwa da jariri ka ce ta sauka? Kai daga bishiya ka faɗo?" Wani tsoho ya ce a zamaninsu goyo ake yi, babu wannan iyayi. Wata ta ce masa, "To Alhaji, kai ka taɓa goyon ne?" Si Jilali kuma, ga shi nan zaune ba zai ƙaryata ni ba, ya juyo ya ce, "Jama'a ku yi wa Annabi salati ku sasanta, akwai motoci uku a bayana." Aka yi salatin, aka ɗage allo, aka bar ni a tasha.

Talata biyar a jere haka. Ni da makwabtana a kasuwa suke saita agogonsu da buɗe shagona, sai ga ni ina isowa tara saura. Mai sayar da goro da dabino na kusa da ni har ya samu abin yi. Kullum Talata sai ya ce, "Si Tuhami, ko in kai maka agogonka wajen mai gyara?" Wannan magana ta fi rashin cinikin ciwo. Ladabina ya ƙare. Na daina cewa "'yata", na koma "ke". Na ce mata marar tausayi. Na ce mata irinsu ne suke ganin haihuwa lasisi ce. Na faɗi wannan da muryar da kuka sani, wadda ake ji daga Bab Lamrisa har ƙetaren kogi. Ita kuwa ba ta taɓa rama mini ba, sai dai ta sa hannu ta gyara ƙyallen.

Daren da na zauna rubuta takardar nan, maiɗakina Lalla Zuhur ta tsaya a kaina ta ce, "Tuhami, ka taɓa tambayarta dalili?" Na ce, "Dalili yana rubuce a jikin mota, da shuɗi." Ta ce, "Naka dalilin ke nan. Nata nake tambaya." Na ce ta je ta duba tukunyarta. Ga ta can a layi na huɗu tana gyaɗa kai, ta ji daɗi na faɗa a gaban jama'a.

Yanzu magana ta uku, wadda saboda ita na zo.

Talata ta shida na tashi da shirin yau a yi ta ta ƙare. Da Si Jilali ya shimfiɗo allo sai na hau na tsaya a tsakiyarsa, rabina a mota, rabina a titi, na danne birki. Na ce, "Yau ko ta ninke, ko duk mu kwana a nan." Mota ta kaure. Masu zuwa ofis suna duba waya, masu zuwa kasuwa suna salati.

A nan ne Hajja Mbarka ta miƙe. Duk kun san ta, mai sayar da gurasa a bakin kasuwa, wadda a duk Tabrikat ban san mai zuciya irin tata ba. Ta ba ni izini in ambaci sunanta, ta ce in faɗa yadda aka yi kada in rage. Abin da ta yi shi ne abin da kowace uwa a garin nan za ta yi. Kun san halinmu: wanda ya samu kujera shi ke riƙe kayan na tsaye, jaka ce, kwando ne, ɗa ne. Wa yake neman izini? Ni kaina ban san adadin cinyoyin da na zauna a kai ba tsakanin Sala da Rabat ina ƙarami, kuma kowace sai ta cusa mini wani abu a baki. Muna alfahari da wannan, kuma ya cancanci alfahari.

Hajja ta ce, "Haba, kun cika mu da hayaniya a kan abin da bai kai ya kawo ba. 'Yata, kawo shi nan in riƙe miki, ki ninke abinki, Si Tuhami ya shigo, kowa ya huta. Na raini tara, na goma ba zai gagare ni ba." Matar ta ce, "A'a, Inna, don Allah..." Hajja ta ce, "Wallahi sai kin ba ni! Na rantse!" Kun kuwa san idan Hajja ta rantse an gama. Kafin matar ta kai hannu, Hajja ta yaye ƙyallen.

Jama'a, ba jariri ba ne. Yarinya ce 'yar shekara shida, da kitso biyu da jan ribom, an naɗe mata gwiwoyi don ta shiga keken. Ƙafafunta biyu suna cikin takalman ƙarfe har gwiwa, bayanta da wuyanta kuma suna jingine da wani mazauni da aka ƙera daidai jikinta aka ɗaure shi a cikin keken. Matar nan gaskiya take faɗa mini tun ranar farko. Keken ba ya ninkuwa.

Motar nan da ba ta taɓa yin shiru ba, ta yi shiru. Da ma a shirun muka tsaya. Amma mu ne fa. Wata ta ce, "Wayyo miskiniya!" Wata ta ce, "Allah Ya ba ki lada, 'yata, wannan jarrabawa ce." Wani ya ce a shafa mata man zaitun da aka yi wa tofi. Wata ta fara ba da kwatancen wani mai magani a bayan Kenitra wanda ya tayar da ɗan ƙanwar mijinta. Mai jaridar nan, mai "doka doka ce", sai ga shi yana laluben aljihu, ya miƙo dirhami biyar zai sa wa yarinyar a hannu. Kawuna hamsin suka sunkuyo kanta.

Yarinyar ba ta dubi kowa ba sai ni, domin a duk motar ni kaɗai ne idona yake daidai da nata. Ta dube ni, ta dubi tayoyina, ta ce, "Kai ne mai ihun?" Na ce ni ne. Ta ce, "Na ɗauka kai ƙato ne." Sannan ta ce, "Mama ta ce kada in ji haushinka, wai kai ma ƙafafunka ne suke maka ciwo kamar nawa."

Ku ji fa. Wata ɗaya da rabi ina zagin matar nan a gaban mutane, ita kuma tana komawa gida tana nema mini uzuri wajen 'yarta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Uwar ta ɗauki ƙyallen daga hannun Hajja, ta mayar, ta juyo da keken wajen ƙofa, ta ce mini a hankali, "Baffa, ka ɗan ja baya mu wuce." Na saki birki na koma titi, ta sauka, ta bi ta gefena ta tafi. Si Jilali ya kira ta, ba ta waiwayo ba. Na hau, na shiga gurbina da na yi wata ɗaya da rabi ina yaƙi a kansa. Na isa shago takwas saura minti biyar, kuma ban gyara agogo ko ɗaya ba ranar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a duk motar nan ni ne na fi kowa cancantar in gane. Na san wannan "miskin" ɗin, da shi aka yaye ni. Wata Juma'a ina jiran mota, sanye da jallabiyata mafi tsada, za ni ɗaurin auren ɗan wana, sai wata baiwar Allah ta fito daga gida ta ɗora mini farantin kuskus a cinya, ta ce in yi wa mahaifinta marigayi addu'a. Na yi masa addu'ar, na kuma cinye kuskus ɗin, don gaskiya ta iya girki. Amma ni na yi shekara hamsin ina koyon yadda ake dariya a kan irin wannan. Yarinyar nan shekararta shida.

Talatar da ta biyo baya ba su zo ba. Ta bayanta ma ba su zo ba. Na tambayi Si Jilali tashar da suke hawa, na je, na nufi wajen mai tandan da 'yan unguwa suke kai burodinsu gashi, domin shi ya san kowane gida da farantin burodinsa. Ya ce, "Ƙyalle mai furanni? Ai Lalla Bushra ce, uwar Nuhaila. Gida na uku bayan kantin magani, hawa na uku." A ranar na fara sanin sunayensu.

Hawa na uku, babu lif. Na zauna a ƙasa ina kallon matakala, matakalar ma tana kallona. Sai na ce muryar da ta ɓata ita za ta gyara. Na ɗaga kai na ƙwala, "Lalla Bushra!" Tagogi goma sha ɗaya suka buɗe, nata ne na ƙarshe. Na ce, "Lalla, Tuhami ne, mai ihun bas. Na zo neman gafara." Wata makwabciya ta ce, "Me ya yi mata?" Wata ta ce, "Ki yi shiru mu ji." Lalla Bushra ta ce, "Baffa, don Allah ka rage murya." Na ce, "'Yata, da ina iya rage ta da ba mu kai nan ba." Sai na ji wata ƙaramar dariya daga cikin ɗakin.

Ta sauko ta same ni a bakin ƙofa, muka yi magana kamar mutane. Kowace Talata da takwas da rabi Nuhaila tana da gashin ƙashi a wani asibitin yara a Rabat. Shekara guda suka yi a layin jira kafin su samu wurin. Tun da aka fara, yarinyar ta soma riƙe wuyanta da kanta, har ana sa ran a tsayar da ita jikin ƙarfe kafin bazara. Keken guragu na yara akwai shi, amma Lalla Bushra ba ta iya sauko da shi hawa uku ita kaɗai ga yarinya a kafaɗa, mijinta kuma yana aikin gini a Tanja, sai ƙarshen wata yake zuwa. Ƙaramar tasi, kun sani, ba ta tsallaka gada. Babbar kuma mutum shida ake cusawa, ina za a sa yarinyar da ba ta iya zama sai da mazauninta? Bas ɗin bakwai da kwata shi ne hanyarsu, babu wata.

Na ce, "To me ya hana ki faɗa mini tun ranar farko? Kalma ɗaya ta isa." Ta ce, "A gabanta? A gaban mutum hamsin? In ce 'yata gurguwa ce don a ba ni wuri? Ƙyallen nan ma ita ta roƙe ni. Ta ce, Mama ki rufe ni, na gaji da ana ce mini miskiniya."

Sai ta faɗa mini abin da ya hana ni barci. Ƙa'idar asibitin ita ce, yaron da ya yi fashi sau uku a jere, wurinsa ya koma ga na bayansa a layi, kuma ban ga laifinsu ba, yara ne da yawa suke jira. Nuhaila ta yi fashi biyu. Jibi Talata ce ta uku. Na ce, "To ki fito ranar Talatar, ni na yi miki alkawarin wurin." Ta ce, "Baffa, kai kaɗai ne? Na ji mutum ɗari uku sun sa hannu a kaina. Idan dokarku ta wuce ranar Lahadi, me zan fito yi? In tsaya a tasha da yarinya, direba ya ce in ninke abin da ba ya ninkuwa, ko kuwa in yaye ta in nuna masa shaida? Ba zan ƙara yi mata wannan ba."

Ga magana ta huɗu, kuma na san na wuce lokacina da minti shida, ya shugaba, ba sai ka duba ba.

Ina roƙon a ajiye takardata, a rubuta wata a madadinta. A ce gurbin nan na duk wanda ba ya iya tashi daga kan tayoyinsa ne, ko wace irin siffa ce da kekensa, babba ne shi ko yaro. Mai jaririn da ake iya ɗauka, idan irinmu ya zo, ta ninke kekenta, mu kuma mu riƙe mata jaririn kamar yadda muka gada, amma bayan mun tambaya ta kuma ce to. Idan uwa ta ce wa direba, "Kekenta ne," ko "Kekensa ne," to maganarta ta isa. Babu takardar likita, babu leƙe, babu mai yaye komai.

Na san abin da za ku ce, za ku ce wasu za su yi ƙarya. Za su yi mana. Mai albasa yana nan da ransa, na gan shi ranar Laraba. Amma na auna, na ga gara a yaudare ni sau goma in makara, da a sake tsayar da uwa ɗaya a gaban mota cike a ce ta tabbatar da ciwon ɗanta. Mai ƙarya kuma, ku bar shi da mu, motarmu ba ta rasa masu baki ba.

Ke kuma mai girma wakiliyar kamfani, ki kai mana saƙo da ladabi. Duk wannan faɗa da muka yi, ni da yarinya 'yar shekara shida, a kan wuri ɗaya ne da bai fi tabarmar salla biyu ba. Akwai kujeru biyu a bayan gurbin nan, idan aka mayar da su masu ninkewa, keke biyu za su shiga. Mun iya rubuta wasiƙa, kun sani, kuma ba ma gajiya. Kafin a yi wannan, ni na ɗauki nawa rabon: duk Talata zan bi motar shida da rabi. Lalla Zuhur ta yi dariya da na faɗa mata, ta ce shekara talatin tana fama ta tashe ni kafin shida. To ta shirya, daga jibi aikinta ya ƙaru.

'Yan'uwana masu keke, da ku nake yanzu. Ban sayar da ku ba. Mun yi shekara shida muna faɗa don kada a sake barin ɗayanmu a tasha, sai ga shi da hannuna na rubuta dokar da za ta bar mafi ƙanƙantarmu a can. Tamu ce, ba mu gane ta ba ne kawai.

Ku kuma sauran jama'a, idan Allah Ya sa suka fito jibi, ina roƙonku abu mafi wuya da aka taɓa roƙon mutanen Sala: ku yi kamar ba ku gani ba. Ku ce ina kwana, ku janye ƙafa, ku ci gaba da gardamarku ta ƙwallo da tsadar tumatir.

Lalla Bushra ba ta zo wannan zama ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma ta aiko makwabciyarta, tana cikin zauren nan, ba zan nuna ta ba, kada ku wahalar da wuyanku. Aikinta ɗaya ne, ta ga yadda hannuwa suka tashi, ta koma ta hau hawa uku ta faɗa. A can akwai yarinya da ta san yau ake maganarta, ta kuma tambayi uwarta da safe ko jibi za a sa mata takalmanta. Uwar ta ce mata sai an dawo daga taro. Don haka idan shugaba ya ce a ɗaga hannu, kowa ya ɗaga nasa yadda zai so a ba Nuhaila labari.

Allah Ya yi wa wannan taro albarka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙarfafa iyayen da suke ɗauke da su hawa da sauka ba tare da kowa ya sani ba. Allah Ya tsare direbobinmu a kan hanya, Ya ƙara musu haƙuri da mu. Allah Ya yafe wa masu saurin baki irina, Ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya, na zaune da na tsaye.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.